Cukun da Hansai Ke Nufi

Kwana goma sha ɗaya kacal Haladu ya yi a Damagaram, tun yana saurayi, da ya raka wani kawunsa sayen fata. To, kwana goma sha ɗayan nan su suka ishe mu shekara ashirin a Wudil. Bai dawo da Faransanci ba, bai dawo da dukiya ba, ilmin cuku ya dawo da shi. Mu kuwa mutanen Wudil Allah ya yi mu da saurin yarda da duk wanda ya je inda ba mu je ba, sai muka naɗa shi masani ba tare da kowa ya gwada shi ba.

A shekarar 1955, lokacin da wannan abu ya faru, Haladu duba-gari ne. Kaki ya sha guga, gajeren wando, doguwar safa, ga ɗan littafi a aljihun gaba. Aikinsa ya leƙa randunan mutane ya ga ko da tsutsar sauro, ran Juma'a kuma ya zaga kasuwa yana ɗaga faifan mata. Amma aikin da ya ɗora wa kansa, wanda ba wanda ya sa shi, shi ne zama a rumfar abokinsa Gwadabe mahauci bayan la'asar yana karantar da jama'a cuku.

"Cuku uku ne," haka yake farawa kullum, yana ɗaga yatsu. "Akwai na saniya, mai maiƙo, wannan na 'yan koyo ne. Akwai na akuya, fari, siriri, in ka ɗaga shi kana hango rana ta cikinsa. Sai na raƙumi, shi ne sarkinsu, ba kowa Buzaye ke sayar wa ba. Kuma kada ka kuskura ka saya a bakin kasuwa. Ka zaga bayan kara, kasuwar shanu, inda Buzaye ke sauke gishiri da dabino, ka nemi wanda bai kula ka ba, shi ke da mai kyau. In ka samu, ka ɗan nuna masa garwashi, ka karya, ka ji ya ce ƙas. Ko a daka shi da gero da dabino a dama maka. Wanda bai sha wannan ba, wallahi bai san ya zo duniya ba."

"Malam Haladu," in ji Gwadabe yana wasa wuƙa, "na raƙumin nan, kai ka taɓa ci?"

"Kai dai yanka namanka," in ji Haladu. Haka yake amsawa duk lokacin da aka yi masa wannan tambaya.

Wata Juma'a bayan kaka, yana zagayensa, ya ɗaga faifan wata Bafillatana mai suna Yelwa, wadda rugarsu ke kan hanyar Lajawa. Maimakon nono sai ya ga wasu fararen curi-curi masu laushi suna iyo a ruwa, kowanne da zanen kwando a jikinsa. Ya ce mene ne wannan? Ta ce cuku. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce da me ta haɗa shi? Ta ce da tumfafiya. Nan fa ya daka tsalle: tumfafiya da ruwanta ke makantar da ido, ita za a zuba wa Musulmi a abinci? Ya ce guba ce, ya kifar da ƙwaryar a gaban jama'a, kaji suka yi caa a kai, ya ce kada ya sake ganinta da wannan abu a kasuwa. Littafinsa bai ce ya yi haka ba, na gaba da shi bai ce ba. Gaskiyar magana, ba tumfafiyar ce ta ba shi haushi ba. Sunan da ta kira abin ne, a garin da shi ne masanin cuku.

Haladu ɗan fari ne ga uwarsa Hansai, wadda ke zaune a gidansa tun rasuwar mahaifinsa. Hansai kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Shekararsa arba'in da biyu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba ta taɓa duban idonsa ta yi masa magana ba. In tana son wani abu, sai ta dubi matarsa Mairo ta ce, "A gaya wa mutumin nan rufin ɗakina na yoyo," alhali mutumin nan yana durƙushe a bakin ƙofa yana gaishe ta. Ya saba, bai taɓa jin ciwon abin ba, ko kuma ya ji ya haɗiye tun yana ƙarami.

Mako biyar bayan kifar da ƙwaryar Yelwa, zazzaɓi ya kwantar da Hansai. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta. A kawo tuwo ta kau da kai, a kawo farfesu ta ce ƙarni. Kunu ludayi biyu, shi ke nan na yini. Malamin asibiti ya zo ya duba ta, ya ja Haladu zaure ya ce masa, "Ciwo ya warke. Saura ta ci. In ba ta ci ba, babu allurar da zan yi mata." Haladu ya ga awarwaron da ke hannunta yana zamewa har gwiwar hannu, tsoro ya kama shi sosai.

Ran kwana na tara, wata Alhamis, yana bakin ƙofa ya ji ta ce wa Mairo a hankali, "Da za a sami cuku, da na ci."

Abin kunya ne, amma sai an faɗa: daɗi ya ji. Uwarsa na kwance tsakanin rai da mutuwa, shi kuwa zuciyarsa har da ɗan tsalle, don a duk duniya an tambayi abu ɗayan da ya sani. Mairo ta biyo shi tsakar gida ta ce, "Malam, ko in tambaye ta wane iri?"

"Wane iri? Ni za a gaya wa iri? Mairo, je ki hura wuta."

Washegari Juma'a ya zaga bayan kara, Gwadabe ya bar rumfa ya bi shi, wai yau zai ga sarkin cuku da idonsa. Suka sami wani dattijon Buzu mai suna Agali zaune a kan buhun dabino, rawani ya rufe masa fuska sai ido, bai kuwa kula su ba. Haladu ya taɓa Gwadabe da gwiwar hannu, wato ka gani ko? Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi raƙuma da gajiya. Sannan Haladu ya rage murya.

"Na raƙumi nake so. Na san ba kowa kuke ba wa ba, amma mara lafiya gare ni."

Idanun Agali suka ƙanƙance, rawanin ya fara rawa. Dariya yake yi a ciki.

"Wa ya gaya maka ana cuku da nonon raƙuma? Ba ya kamawa, ɗan'uwana. Ka kwana kana jira, ruwa za ka tarar. Namu na akuya ne da na saniya, tun kakanni."

"A Damagaram aka ce mini..."

"To sun ga baƙo ne."

Gwadabe ya juya baya yana duban wani sa da ba shi da niyyar saye, kafaɗunsa na girgiza. Haladu ya ji zufa na bin doguwar safarsa. Shekara ashirin yana yi wa mutane wa'azin abin da babu shi! Ya sayi na akuya mafi kyau, ya ɗaga ya hango rana ta cikinsa don dai ya nuna da sauransa, ya naɗe a ƙyalle ya kama hanyar gida.

Da kansa ya gasa, da kansa ya karya, ya ce ƙas yadda ake so. Sai da Mairo ta ɗauka za ta shiga da shi ya tuna haƙoran tsohuwar huɗu ne suka rage, biyu ma suna girgiɗi. Aka daka shi da gero da dabino, aka dama. Hansai ta kurɓa sau ɗaya, ta miƙa wa Mairo ƙoƙon.

"A gaya wa mutumin nan, ban ce a daka mini ƙirgi ba."

Ta juya ta fuskanci bango.

Da mai hankali ne, da nan ya tsaya ya yi tambaya. Haladu kuwa tunani ya yi mai zurfi, ya gano cewa tunda na Buzaye bai yi ba, to sai na Turawa. Ran Talata ya hau motar Kano, ya sha gargadar hanya a kan buhunan gyaɗa, ya shiga wani kanti da bai taɓa shiga ba ya tambayi cukun Turawa da Turancinsa na duba-gari. Aka ba shi a gwangwani. Duk hanyar dawowa yana rungume da shi a ƙirji yana shirya yadda zai ba da labarinsa a rumfar Gwadabe, ya zama cuku na uku a madadin na raƙumi.

Da aka fasa gwangwanin da wuƙa, abin ya fito rawaya, sumul, da wani wari da ba a san inda za a ajiye shi ba. Haladu ya gutsura ya tauna, ya manne masa a dasashi, ya ce, "Madalla, haka yake," don Mairo na kallonsa. Hansai ko taɓawa ba ta yi ba. Ta shinshina daga nesa ta ce a kai wa masu wanki. Ran nan kunun ma ludayi ɗaya ta sha.

Ran Alhamis da hantsi ta kasa tashi zaune sai da aka tallafe ta. Haladu ya fito zaure ya zauna a ƙasa, kakin da ya sha guga ya kwashi ƙasa, bai damu ba. Mairo ta leƙo, ta tsaya a kansa.

"Malam, na tambaye ta."

Wannan karon bai ce ta je ta hura wuta ba.

"Ta ce cukun da ta sani ba ya ƙara in an karya shi. Taushi gare shi, ruwa na ɗiga. Fari ne, curi-curi, da zanen ɗan kwando a jiki. Ta ce uwarta ke yi a Lajawa suna yara, da madarar safe da..."

"Da tumfafiya," in ji Haladu.

"Ashe ka sani?"

"Na sani. Kaji ma sun sani."

Ya dafe kai. Inna lillahi! Duk faɗin ƙasar Wudil mace ɗaya ya taɓa gani da wannan abu, kuma shi da hannunsa ya kore ta daga kasuwa. Ya je Kano, saura kaɗan ya koma Damagaram, alhali abin yana nan tafiyar awa ɗaya da rabi, a hannun matar da ya kunyata.

Juma'a da sassafe, bayan sallar asuba, ya hau kekensa ya nufi rugar. Ya sa kakin don ba shi da ƙarfin zuciyar da zai je wurinta ba kaki. Ya tarar an gama tatsa, Yelwa na zaune gaban murhu. Ta gan shi sarai tun daga nesa. Ya yi sallama, ya cire hula, ya durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, yaya shanu, yaya yara, yaya maigida, yaya sanyin safiya. Ta amsa kowace ɗaya a tsanake, ta mayar masa da ita, ta ƙara da wasu. Sai da gaisuwa ta ƙare ƙaf ba sauran abin tambaya, ta ce, "Duba-gari ya zo duba daji ne yau?"

"Cuku na zo nema."

"Ai ba mu da cuku. Guba muke da ita."

"Ita nake so."

"Wa za ka kashe?"

Ya yi niyyar yin bayani irin na ma'aikata, sai ya fasa. Ya ce, "Uwata ce. Kwana goma sha bakwai ba ta ci abin kirki ba. Shi kaɗai ta ce za ta ci. Na yi miki laifi, ban san komai ba na yi kamar na sani. Ki yi wa Allah ki yafe mini."

Yelwa ta daɗe tana gyara itace a murhu. Ta tambayi sunan tsohuwar. Da ya ce Hansai, ta Lajawa, sai ta ɗago kai. Ashe a wurin uwar Hansai tata uwar ta koyi wannan aiki. Ta ce, "Don ita zan yi, ba don wandonka ba. Tashi ka karyo tumfafiya, ga ta can bayan garke. Ka kula da idonka, tunda ka ce tana makantarwa."

Masanin cuku na Wudil ya je ya karyo tumfafiya. Ta sa shi ya dandaƙa karan a kan dutse, ta jiƙa a ɗan ƙoƙon madara, ta tace a cikin tukunyar da ke kan wuta maras ƙarfi. Ya buɗe baki zai ba da shawarar a ƙara wuta, ta dube shi, ya rufe. Can sai madarar ta fara tsinkewa, fari ya taru wuri ɗaya, ruwan ya ware gefe. Ta bar shi ya tafasa sosai, ta ce nan ɗacin ke mutuwa. Ta kwashe da ludayi a ƙananan kwanduna, ya tsane, ta juye su cikin ƙwarya da ruwansu. Guda shida. Ta ɓantari gefen ɗaya ta miƙa masa.

"Duba-gari ya fara ci, kada a ce."

Ya sa a baki. Ɗumi, taushi, ɗan zaƙin madara. Bakinsa ya san wannan abu, shi ne bai san daga ina ba.

Ya ɗauki ƙwaryar zai ɗaure a bayan keke, Yelwa ta ce a'a. Keke zai girgiza shi ya farfashe, ruwan ya zube, kafin Wudil ya zama dusa. A ka ake ɗauka. Ta naɗa gammo ta ɗora masa, ta rufe da faifai. Ya ce ko ita za ta ɗauka ya bi ta a baya? Ta ce ai an hana ta shiga kasuwa da shi.

Haka suka bar keken a rugar suka taho, shi a gaba da ƙwarya a ka, hannu biyu riƙe da ita, ita a baya tana kaɗa hannu, ranar farko a rayuwarta da ta je kasuwa ba kaya. Da suka kusa gari hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta ratsa tsakiyar kasuwa, ɗaya ta zaga ta gonaki, ƙarin rabin awa. Rana ta fara zafi, Yelwa kuwa ta ce abin ba ya son rana. Haladu ya tsaya ya dubi ta gonakin, har ƙafarsa ta karkata. Sai ya tuna awarwaron nan. Ya bi ta kasuwa.

Kai, ran nan Wudil ta ga abin kallo! Namiji da ƙwaryar nono a ka, namijin ma duba-gari, ruwa na bin wuyansa yana shiga kaki. Masu awo suka bar mudu, dillalan shanu suka hau katanga. Wata mai daddawa da ya sha ɗaga wa faifai ta tare gabansa ta ce, "Tsaya a duba!" Ya tsaya, ya rusuna mata. Ta ɗaga faifan, ta leƙa, ta shinshina, ta ɓata fuska yadda yake yi, ta ce, "Da tsabta. Wuce." Kasuwa ta ɗauki shewa.

Gwadabe na bakin rumfarsa da wuƙa a hannu.

"Malam Haladu! Wannan na raƙumin ne?"

"Na jaki ne," in ji Haladu bai tsaya ba. "Ga shi nan yana ɗauke da shi."

Mairo ce ta sauke masa a tsakar gida. Ta sa guda uku a akushi, ta barbaɗa ɗan gishiri, ta shiga. Shi ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba, yana leƙe ta gefen asabari. In ta ƙi wannan, ba shi da sauran inda zai je.

Hansai ta dubi akushin. Ta sa yatsa ta danna ɗaya, ya lotsa ya dawo. Ta shafa zanen kwandon da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa. Ta ɓantara ta kai baki. Ta sake ɓantara. Ba wanda ya yi motsi har ta gama na farko ta kama na biyu.

"Gishirin ya yi kaɗan," in ji ta.

Mairo ta fashe da kuka, ta fita da gudu ɗebo gishiri. Rabon da tsohuwar ta kushe girki tana ci tun kafin ta kwanta.

Da Mairo ta dawo, Hansai ta tambaye ta wa ya kawo. Mairo ta ba ta labari duka, da tumfafiyar, da gammon, da mai daddawa. Labarin kifar da ƙwarya kuwa ba sai an gaya mata ba, tun ranar da aka yi ya iso ta har ɗaki. Tsohuwar ta ci gaba da tauna da haƙoranta huɗu. Sannan ta juyo da fuskarta wajen ƙofa.

"Kai. Shigo."

Haladu ya waiwaya ya ga ko akwai wani a bayansa.

"Da kai nake."

Ya shiga da rarrafe, kaki jiƙe, shatin gammo a ka. Bai taɓa ganin idonta kusa haka ba. Ta tura masa akushin.

"Guba ka ce, ko? Da shi aka yaye ka. Da aka kai ka Lajawa wurin uwata, wata uku ba ka cin komai sai shi. In ya ƙare ka yi ta ihu har maƙwabta su zo. Ni ina nan ina jin labari, ba halin in tambaya."

Ya ɗauki na ukun. Ya ci, hawaye na zuba, ya rasa ko na kunya ne ko na daɗi, ya bar su suka zuba. Ya ga Mairo ta ɗauko sauran ukun ta juye a akushin, ya miƙa hannu ba tare da ya sani ba.

Hansai ta janye akushin ta rungume a cinyarta.

"Ɗaya na ce ka ci. Sauran nawa ne."